Allon da Gwaggo Ta Wanke

A kakar da zan ba da labarinta, abin da na mallaka bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Jakuna tara da mangalolinsu. Sikeli guda, tsoho, wanda na saya a hannun wani Bakano da ya gaji da sana'ar. Izinin sayen gyaɗa daga wani kamfanin Turawa mai kanti a Kazaure. Sai ƙauyuka huɗu, uku a ƙasar Roni, ɗaya ta wajen Gwiwa, waɗanda manomansu ba sa kai gyaɗarsu gaban kowa sai gabana.

Jakunan da sikelin da izinin duk banza ne in babu ƙauyukan nan. Su kuma ba don kyan fuskata suke zuwa ba. Baffana, wan mahaifina, shi ne limamin ƙauyenmu, kuma yawancin malaman sauran ƙauyukan a zaurensa suka yi karatu. Shi ya ce da mutane sikelin yaron nan ba ya cin haƙƙi, suka yarda. Abincina da na iyalina a kan wannan magana tasa yake rataye. Ita ce na kusa rasawa ɗungurungum saboda wani allo.

Ban gaji kasuwanci ba. Mahaifina manomi ne, ya rasu ina ƙarami, Gwaggo ƙanwarsa ta riƙe ni a gidan Baffa, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Da korar jakin wani na fara, har na sami nawa. Na san gyaɗa, na san jaki, na san fuskar manomin da ya jiƙa kayansa don su yi nauyi. Abu ɗaya ne ban sani ba, shi ne abin da ake faɗa a kaina a kanti.

In na kai kaya, a waje nake barin takalmana, in durƙusa gefen buhunana. Akawun kantin mutumin Kudu ne, yana jin Hausa sarai. Ran da Baturen kamfani ya zo daga Kano, sai su tsaya a kaina su biyu. Bature ya soka ƙarfe a buhu, ya zubo gyaɗa a tafinsa, ya yi magana, akawu ya amsa, wani lokaci su yi dariya. Daga nan akawu ya juyo ya ce mini, "Ya ce akwai ƙasa a ciki," ko "Ya ce ka dawo jibi." Bature ya yi magana mai tsawon igiyar rijiya, ni a yanko mini taƙi ɗaya. Ban ce akawun yana cutata ba, ba ni da shaida. Amma na ga wani mutumin Babura da aka karɓe wa izini bayan irin wannan tsayuwa, ya fita yana tambayar mutane laifinsa, ba wanda ya iya gaya masa. Tun daga ranar, in suka fara magana a kaina sai in tuna da shi. Na ƙudura sai na ji harshen nan, ko da ba zan iya mayarwa ba.

Wanda ya yarda ya koya mini malamin dabbobi ne na En'e, mai yi wa shanu allura da duba fatu. Ya yi makarantar Midil a Kano. Mutum ne mai son tsire da ba'a. Ran kasuwar Kazaure, in rana ta take, sai mu zauna bayan rumfar fatu inda wari ke korar mutane, in ajiye masa tsire da goro, ya fara.

Ya ce, "Ka ga mu, ci ci ne. Na ci, ina ci, zan ci, kalmar tana zaune inda take, abin da ke gabanta ne yake juyawa. Su kuwa kalmar ce da kanta take sake riga. Riga uku gare ta: ta kullum, ta jiya, da wadda take sawa in an riga an gama."

Na ce, "To a ba ni ƙa'idar, in huta."

"Akwai masu ladabi a cikinsu, jela kawai ake liƙa musu, ed, shi ke nan sun koma jiya. Amma waɗanda kai za ka bukata, saye da sayarwa da ci da tafiya da ɗauka, duk 'yan taurin kai ne. Go, went, gon. Bay, bot, bot. Tek, tuk, tekin. Sai hadda."

"Me ya sa ba su yi su iri ɗaya ba?"

"In ka je Ingila ka tambayi sarkinsu. Miƙo yajin."

Ya koya mini cewa in ana zancen mutum ɗaya wanda ba ni ba ne ba kai ba, sai a ƙara wa aikin ɗan tsaki a ƙarshe. Ya koya mini tagwayen kalmomin da suke kayar da mutane. Mu muna cewa na ara, na ara masa, su kuwa kalma biyu ce daban, boro da lend, in ka musanya su ka mai da mai bayarwa mai karɓa. Tunkiya da jirgin ruwa kuma jan numfashi kaɗai ya raba su. Ya ce in kiyaye, kada wata rana in gaya wa Bature ina sayar da fatar jirgi.

Matsalar ita ce ban iya boko ba. Abin da na iya shi ne ajami, da hanyar karatun da aka koya mini a zauren Baffa: a rubuta a allo, a yi ta maimaitawa har ya zauna, a wanke, a ɗora sabo. Ban san wata hanyar da ake sa abu a ka ba. Sai na sayi sabon allo a kasuwa, wanda ba a taɓa rubuta ayar Allah a kansa ba, don wannan na kiyaye shi ƙwarai. Na ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa saboda rigunan nan uku, na kuma ja layuka a kwance don kada su cakuɗe. Kowace kalma ta sami gidanta. Na sa musu wasali tsaf da tawadar gawayi da ƙaro, gaba da baya. Ni a idona jadawalin karatu ne. Ban tsaya na dube shi da idon wani ba. Da na duba, da na ga ba shi da maraba da hatimin da malamai suke zanawa a wanke a sha.

A ɗakin da nake tara buhuna nake ɓoye shi. In na dawo daga masallaci da safe sai in shiga in tura ƙofa, in zauna ina rangaji kamar yadda muka saba muna yara, ina maimaitawa ƙasa-ƙasa. Ɓoyewar dole ce. Baffa ya sha faɗa a gaban jama'a cewa duk wanda ya saba wa harshensa yaren Nasara, to ya ji tsoron kada harshen ya yi masa nauyi ranar da zai bukace shi don kalmar shahada. Babu babba ko yaro a ƙauyukan nan da bai taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, gyaɗa ta yi albarka, jakunana ba sa hutawa. Ni na san ruwan sama ne. Mata kuwa suka ce ba banza ba. Maiɗakina tana jin gunagunina ta bayan ƙofa kowace safiya, ta leƙa ta ga allo mai gidaje, ta faɗa wa Gwaggo cikin jin daɗi cewa maigidanta ya sami wani babban sirri. Ban san da wannan zance ba sai daga baya.

Na tafi Babura da jakuna don in tari mutanen ƙasar da Faransa ke mulka, masu tsallako iyaka da gyaɗa. Na yi 'yan kwanaki. Ran da na dawo, da la'asar sakaliya, ban ko sauke mangala ba maiɗakina ta tare ni a ƙofa.

Ta ce, "Baffa ba lafiya. Ya faɗi shekaranjiya wajen alwala, bakinsa ya karkace, ba ya magana."

Na yi salati, na juya zan tafi. Sai ta ƙara da cewa, "Gwaggo ma ta zo ta ɗauki allonka tun yana zazzaɓi. Na ce ta jira ka, ta ce ciwo ba ya jira."

"Wane allo?"

"Na ɗakin buhuna mana."

Na tsaya riƙe da igiyar jaki. Na san abin da ake yi da allo in an kai shi gidan mara lafiya. Duk da haka na tambaya, ta ce eh, an wanke an ba shi da hantsi, da la'asar ya faɗi.

Ni ba mai saurin firgita ba ne. Na kwana a daji da kaya, na taɓa tsayawa gaban alƙali. Amma a tafiyar nan daga gidana zuwa gidan Baffa na firgita. Hankalina yana gaya mini gawayi da ƙaro ba sa shanye wa mutum ɓarin jiki. Wani abu kuma can ƙasa yana maimaita mini maganar Baffa a kan harshen da zai yi nauyi. Ga shi harshe ya yi nauyi, kuma ba nawa ba.

Gwaggo ce ta fara ganina. Ta kama hannuna, idonta ya kumbura.

"Ɗan nan, ka zo? Babu abin da ba mu yi ba. Har naka na ba shi, mai ƙarfin nan, na ce abin da ya buɗa maka kasuwa ba zai kasa zazzaɓi ba. Ko akwai sharaɗin da ban cika ba? Ko da zuma ake sha?"

Na ce, "Gwaggo, wa kika gaya wa?"

"Wa zan ɓoye wa? Duk wanda ya zo dubiya na gaya masa, don a san ɗana bai yi rowa ba."

Na shiga wurin Baffa. Yana kwance a kan gado, hannun dama a yashe kamar ba a jikinsa yake ba. Idonsa ɗaya yana bina. Ya buɗe baki, harshen ya motsa, wani gurnani ya fito. Mutumin da muryarsa take cika masallaci ba tare da ya ɗaga ta ba. Na durƙusa na gaishe shi, kunnena kuwa sai neman kalmomin allona yake a cikin gurnanin nan. Na fito da sauri don kada in same su.

A zaure babban ɗansa yana jirana. Yaya muke ce masa, shi ne na'ibin Baffa, mutum ne mara hayaniya, kuma bai taɓa nuna mini ƙiyayya ba. Ya sallami waɗanda ke wurin, ya ɗaga buzun da yake zaune a kai, ya zaro allon. Fuska ɗaya an wanke ta fes. Ɗayar tana nan da rubutuna.

Ya karanta a hankali, yana ba kowane harafi haƙƙinsa kamar mai karanta aya. "It, et, itin. Kom, kem, kom. Sel, sold, sold." Ya ɗago. "Na duba littattafan Malam, ban ga waɗannan ba. Ba Larabci ba ne, ba Fillanci ba, ba Barbarci ba. Sunayen su wa ka zuba a cikin mahaifina?"

Da na faɗi gaskiya a nan, mu biyu, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na kauce. Na ce wanda ya ba ni yana Kazaure, zan zo da shi ya yi bayani.

Ya ce, "Ran Juma'a dattawan ƙauyuka za su zo duba Malam bayan an sauko. Zancen ya riga ya kai musu. Ka zo da shi a gabansu." Ya mai da allon ƙarƙashin buzu.

Washegari na ari keke na nufi Kazaure. A hanya, tsakanin duwatsun ƙasar Roni, na auna abin ta kowace fuska kamar yadda nake auna kaya. In na ce wani baƙon malami ne ya ba ni sunaye, na zama mai hulɗa da aljanu wanda ya kwantar da liman. In na ce Turanci ne, na zama wanda ya shayar da liman yaren Nasara har harshensa ya mutu. Ko wanne na ɗauka, manomi ba zai so ya ɗora gyaɗarsa a sikelina ba. Abin da nake fata shi ne malamin dabbobi ya zo da rigarsa ta ma'aikaci, ya ce shi ya koya mini, abin ba komai ba ne.

Na same shi yana duba fatu. Ya saurare ni, da farko ya fara dariya, da na kai wurin faɗuwar Baffa sai dariyar ta tsaya.

"Liman? Limamin gari guda?"

"Shi."

"Kai, wa ya ce ka rubuta a allo? Ba takarda a duniya?"

"Allo na iya. Ka zo ka gaya musu, Malam. Magana biyu ce."

Ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "In je ƙasar Roni in tsaya gaban malamai in ce ni na ba da abin da liman ya sha? Kafin in dawo zancen ya riga ni zuwa ofis. Ba a ɗauke ni aikin koyarwa ba, shanu aka ba ni. Ina da 'ya'ya. Ka ji, gawayi ne da ƙaro, ko saniya ka ɗura wa ba abin da zai same ta. Tsufa ne ya kayar da shi."

"To zo ka faɗi haka."

"Kai ka faɗa, ai bakinka bai karkace ba." Ya juya ga fatunsa. "Tsiren da na ci Allah ya ba ka lada. Amma in an tambaye ni, fatu kake kawo mini."

Ban yi fushi da shi sosai ba. Da ni ne a matsayinsa, ban tabbata zan je ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci zauren Baffa ya cika har waje. Na dubi fuskokin, kusan kowa na taɓa auna masa gyaɗa. Akwai masu unguwanni, akwai malamai almajiran Baffa, akwai wani tsoho daga ƙauyen wajen Gwiwa, abokin kakana, wanda yake tsokanata tun ina yaro. Na san mata suna bayan katanga suna ji, Gwaggo a cikinsu. Na cire takalmi na durƙusa a tsakiya.

Yaya ya ajiye allon a gabana. "Ina mutumin naka?"

"Bai zo ba."

"To kai muke saurare."

Na ce, "Allah ya gafarta malamai, ba sunan kowa ba ne. Ba aljani, ba rauhani. Turanci ne na rubuta da ajami don in haddace. Wannan layin ci ne, wannan zuwa, wannan sayarwa. Gidajen da kuke gani, na farko yadda ake faɗa kullum, na biyu in abin ya wuce, na uku in an riga an gama. Na koya ne don in ji abin da ake faɗa a kan gyaɗarku a kanti. Ban rubuta don a sha ba, ban kuma san an ɗauka ba."

Na ji wani ya yi salati a hankali. Daga bayan katanga na ji wani abu ya faɗi, kamar ƙwarya.

Tsohon nan na Gwiwa ya karkato da kunnensa. "Me ya ce? Wato Malam na saya na sayar ya sha? Ai ni ya kamata a ba, ja'iri, ko na sami jari."

Mutum biyu suka yi murmushi suka haɗiye. Wani malami daga maƙwabtanmu ya ce, "Baba, ba abin wasa ba ne. Kowa a nan ya ji abin da Malam yake faɗa a kan yaren nan da harshe. An ba shi da hantsi, la'asar na yi harshen ya tafi. Me ya rage a tambaya?"

Na ce, "Zazzaɓi da ciwon kai sun riga allon zuwa."

"Zazzaɓi ya saba zuwa ya tafi. Bai taɓa ɗaukar masa magana ba."

Da suka lafa, Yaya ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ka ce ba komai a ciki."

"Gawayi ne da ƙaro, Yaya."

"To ga ɗaya fuskar nan." Ya sa aka kawo ruwa da ƙwarya. Shi da kansa ya tsuguna ya wanke allon, yana murzawa da yatsa gida bayan gida, har ruwan ya yi baƙi. Ya miƙo mini. "Sha. In ka shanye ka yi mana kalmar shahada, kowa ya ji."

Na karɓa. Ni na dama tawadar nan da hannuna, na san abin da ke cikinta. Rubutu kuwa na sha ba adadi tun ina yaro. Amma na tsaya ina kallon ruwan. Abin da ya zo mini shi ne idon Baffa guda ɗaya da ke bina, da bakin da yake buɗewa ba abin da ke fita. Na ce a raina, in fa tsohon nan gaskiya ya faɗa? In na buɗe baki a gaban mutanen nan gurnani ya fito? Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko kafin nan ko bayan nan.

Na kafa kai na shanye. Ɗanɗanon rubutu ne kamar kowane, ɗan ɗaci da ƙasa-ƙasa. Na kife ƙwaryar.

Yaya ya ce, "Faɗi."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Harshena ya manne a sama. Na ga mutanen gaba sun ja da baya. Na runtse ido, na tattaro abin da ya rage mini, na faɗe ta. Muryar ta fito a shaƙe, amma ta fito cikakkiya, daga farko har ƙarshe. Na sake faɗa da ƙarfi ba tare da an ce in sake ba.

Tsohon Gwiwa ya ce, "To, ga shi nan. Harshensa ma ya fi na da kaifi."

Malamin nan na maƙwabtanmu ya ce, "Shi ai ya riga ya saba wa cikinsa. Cikin Malam kuwa bai taɓa ɗaukar komai ba sai Alƙur'ani."

Yaya ya miƙa mini allon, fari fat gaba da baya. Ya ce, "Mun ji, mun gani. Ban ce kai ka kwantar da shi ba, ban kuma ce ba kai ba ne. Allah ya sani. Tashi ka je." Aka shafa fatiha, aka watse. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya ba ni hannu sai tsohon nan.

A soron ciki na tarar da Gwaggo zaune a ƙasa. Na durƙusa. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Da hannuna na ɗaga kansa na ba shi. Yana cewa ya ƙoshi, ina cewa daure, na ɗanka ne." Na ce ba laifinta ba ne, ba kuma abin da ruwan ya yi masa. Ta ce in tafi, tana so ta yi salla.

Hukuncin da zaure bai yanke ba, sikeli ya yanke shi. Ran kasuwar da ta biyo na kafa sikelina inda na saba, na zauna. Ina kallo mutanen ƙauyenmu suna wucewa da jakunansu zuwa wurin wani mai saye da kowa ya san sikelinsa yana da ciki, yana cin haƙƙi. Suna gaishe ni kuwa, da ladabi, su wuce. Wanda zai iya cewa su dawo yana kwance ba baki.

Baffa ya kai har farkon damina. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a. Wani lokaci yakan kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu ya riƙe tamau yana kallona. Har yau ban san ko yafewa yake ba, ko kamawa. Ran da ya cika ba na nan. Yaya ya ce ya ɗaga yatsansa na shahada kafin ya tafi, na kuma gode masa da ya gaya mini, don ba dole ba ne. Shekaru bayan haka wani ma'aikacin asibiti ya bayyana mini irin wannan ciwo, ya ce jini ne yake hawa ya taɓa ƙwaƙwalwa, yana samun wanda bai taɓa ganin allo ba ma. Na yarda da shi. Gwaggo ba ta kai ga jin wannan bayani ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Ƙauyenmu da na kusa da shi sun tafi, ba su dawo ba. Na uku ya rabu, rabi suna zuwa a ɓoye kamar masu sayar da kayan sata. Na wajen Gwiwa ya tsaya, saboda tsohon nan ya ce shi ba zai bar sikelin gaskiya don ruwan gawayi ba. Na sayar da jakuna huɗu, na ɗauke sikelina na koma bakin hanyar Gwiwa.

Turancin ban bar shi ba, tunda na riga na biya kuɗinsa da tsada. Na koyi boko, na koma takarda da fensir, na ƙarasa rigunan nan uku a wurin direbobin manyan motoci. Da kunnena ya buɗe sai na tarar akawu ba cutata yake ba, ƙyuya ce take sa shi gajarta magana, kuma rabin abin da suke faɗa a kaina zancen zafi ne da lalacewar mota. Amma wata rana ina durƙushe na ji Bature yana cewa za su buɗe wurin saye ta wajen Babura. Na riga kowa zuwa na kama wuri. Daga nan kasuwata ta tashi har ta wuce inda take a da, jakuna suka koma mota.

A gyaɗa na ci riba, ba na musu. A ɗaya gefen kuma akwai ƙauyuka biyu da na tashi a cikinsu waɗanda ba su sake sayar mini da ko mudu ɗaya ba, da gidan da aka raine ni, wanda tun daga ranar in na je sai an yi mini iso kamar baƙo. Gwaggo ta ci gaba da amsa gaisuwata har ta rasu, amma duk abin da na aika mata, atamfa ko hatsi ko goro, sai ta bayar da shi sadaka da sunan Baffa. Ribar na ci ta na ƙoshi. Wannan asarar kuwa ban sami abin da ya mai da ita ba.